Jikka Ɗari da Na Rubuta

Shekara ashirin da biyu na yi ina yi wa Alhaji awo a kasuwar Cadawa. Aya muke saye lokacin kaka, mu tara a mangaza, ɗakin ajiyar kaya, idan ta yi tsada a loda wa motoci su yi kudu da ita. Aikina tiya ne, kwanon awo. Manomi ya kawo buhunsa a amalanke, in kwance bakin, in zura hannu har gwiwa in ɗebo ta ƙasa, domin ta sama kullum kyakkyawa ce. In tauna guda biyu in ji ko ta bushe, in baza a tafin hannu in ga yawan tsakuwa. Daga nan sai awo, ina ƙirgawa da ƙarfi don mai kaya ya ji da kunnensa.

Alhaji bai zalunce ni ba, gara in faɗi wannan tun da fari. Idan hatsina ya ƙare da bazara, daga wajensa ake kawo mini. Ragunan sunan ƴaƴana huɗu shi ya saya. Da mahaifiyata ta kwanta, motarsa ce ta kai ta Maraɗi. Sai dai ba ni da lada sananne. Abin da ya miƙo shi ne nawa, wata rana da yawa, wata rana sai godiya. Kuma ba ni da ranar da zan ce tawa ce. Gonata ita ake nomewa ƙarshe a garinmu. An taɓa ɗaurin auren ɗiyar ƙanena a Sae Sabuwa, na nemi izini, ya ce in bari a gama lodi. Aka gama lodi bayan la'asar, na isa na tarar ana naɗe tabarmi. Furfura ta fito mini a gemu, amma a kasuwa idan ana nemana sai a ce ina yaron Alhaji.

Mai ɗakina ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa. Tana da gwangwani biyu a ƙarƙashin gado, ɗaya na uwar kuɗi, ɗaya na riba. Daga na riba take sayen sabulu da gishiri da zanen suna. Na uwar kuɗi kuwa ko an wayi gari babu magi a gidan ba ta buɗe shi sai za ta sayi gyaɗa. Na daɗe ina ganin abin kamar rowa. Wata rana tana matsar mai ta ce mini, ba tare da ta ɗago ba, ita da ke sayar da ƙuli ta san abin da take samu a mako, ni da nake ɗaukar tiya a babbar kasuwa fa? Na lissafa, na ga ni ban san nawa ba. Tun daga ranar na fara ware wani abu daga duk abin da Alhaji ya miƙo mini. Na sayi ɗan rago na kiwata da harawa da dusa, na sayar da layya. Shekara ta gaba biyu na kiwata. Kuɗin ragunan nan na mayar aya, buhu biyu, na jingine su a ɗakinta a kan itatuwa.

A cikin wannan lokaci aka buɗe karatun manya a garinmu. Bayan la'asar ake yi, a ajin lakol, makarantar boko, idan yara sun tashi. Mu zauna a bencinan da aka yi don ƴan shekara bakwai, gwiwoyinmu suna dukan tebur. Malaminmu tsohon mushe ne, wato malamin lakol, da ya bar aiki, Bagobiri daga wajen Gidan Rumji, mai son dariya. Ni ba don fatauci na shiga ba. Abin da ya kai ni shi ne na gaji da ganin zane a jikin buhuna da motoci ban san abin da suke cewa ba. Shekara da shekaru ina ɗaukar buhu mai rubutu a kaina, ina so in san ko da ni yake magana.

Baƙaƙen sun ba ni wuya, amma lambobi sun shiga raina. Sifiri ya fi komai ba ni mamaki. Mushe ya ce shi kaɗai ba komai ba ne, amma ka ajiye shi bayan ɗaya ya zama goma, ka ƙara wani ya zama ɗari. Na tambaye shi wane ne ya fara tunanin yi wa babu alama, ya ce wannan ya fi ƙarfin albashinsa. Muka yi ta ƙirga awaki da buhuna da ramukan shuka a kan allo. Muka koyi tarawa da ɗebewa, muka shiga ninkawa. Darasin kuɗi yana can gaba a littafi, ba mu kai ba. Kuma babu wanda ya damu, don a ganinmu idan akwai abin da ba ma bukatar a koya mana, to kuɗi ne. Mun san su da launi da girma. Ja jikka guda, shuɗiya jikka biyu, kore jikka biyar, mai ruwan makuba jikka goma. Ko a aljihu na taɓa ƙarfe na san wannan ashirin ce, wannan goma.

Da kakar shekara ta biyu ta karatun ta matso, na ga lokaci ya yi. Al'adarmu ita ce wanda ya daɗe a hannun maigida, idan zai tsaya da ƙafarsa, maigidan ya sallame shi da jari, a yi addu'a a gaban mutane. Ba ka zuwa da kanka ka nema. Na roƙi wani dattijo ya kai maganar. Bayan kwana uku Alhaji ya kira ni zaurensa.

Ya dube ni ya yi murmushi. "Sarkin awo, an ce za ka gudu ka bar ni."

"Alhaji, ina zan gudu? Kasuwar ɗaya ce."

"An kuma ce ka zama mushe. To, tun da haka ne, ba zan yanke maka ba. Ka je ka rubuto abin da kake so da hannunka, ka ba ɗana ya fidda maka."

Babban ɗansa shi ke riƙe da buro, wato ofis, a jikin mangaza. Ya yi lakol har Maraɗi, yana da iyali, amma Baba yake ce mini, don na goya shi a kafaɗa yana ƙarami.

Na koma gida muka tattauna da mai ɗakina. Ita ta ce in nemi jikka ɗari biyu, shekara ashirin da biyu ba kwana biyu ba ne. Ni na ce jikka ɗari. Za ta sayi buhu huɗu ko ta ɗan haura, in haɗa da biyun da nake da su, in kama ɗan shago a bakin kasuwa. Har na yi magana da mai shagon, na kuma gaya wa wasu manoma a ƙauyukan Gazawa su ajiye mini ayarsu.

Da na rubuta kalmar jikka na sa ɗari a gabanta, da babu labarin da zan ba ku. Amma ina so Alhaji ya ga lambobi zalla, irin na takardun buro. Na ɗauki allo na zauna gindin itacen bedi. Na ce jikka guda ɗari biyu ce, wannan ko yaro ya sani, ka ba da ɗari biyu a ba ka jikka. To jikka ɗari ke nan ɗari biyu sau ɗari. Na ninka, na goge, na sake ninkawa. Yini biyu ina wannan aiki, kullum amsa ɗaya nake samu, dubu ashirin. Na yagi takarda mai tsabta na rubuta biyu, na jera sifiri huɗu a bayanta, kowane na zagaye shi sosai kamar bakin tiya. Ban nuna wa mushe ba. Ina so ya ji labari daga baya ya yi alfahari.

Ranar kasuwa na miƙa wa ɗan Alhaji. Ya duba takardar, ya dube ni, ya sake duba ta.

"Baba, wannan ne duka?"

Kunya ta kama ni, na zaci yana nufin na zarce. Na ce idan ya yi yawa a rage, ba komai. Ya shiga wajen mahaifinsa. Sun ɗan jima. Da suka fito, Alhaji ya kira maƙwabtan rumfa da liman, aka ɗaga hannu aka yi addu'a, ya miƙo mini ambulan a rufe. Fuskarsa ba yadda na zata ba, babu wasa a cikinta. Na ɗauka baƙin cikin rabuwa ne. Na durƙusa na yi godiya, na sa ambulan a aljihu. Ba a buɗe kyauta a gaban wanda ya ba ka, balle a ƙirga.

Sai da na isa gida na buɗe. Takarda biyu ce mai ruwan makuba. Jikka ashirin. Mai ɗakina ta karɓi ambulan ta kife shi ta girgiza, ta leƙa ciki, ta hura. Ta ce ko sauran sun zube a hanya. Na ce a rufe yake da gam.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Na yi tunanin Alhaji ya ga na yi haɗama ya rage don ya koya mini hankali. Na yi tunanin ɗansa ya taɓa, sai na tuna yadda yake riƙe kunnuwana yana kan kafaɗata, na nemi gafarar Allah. Abin da ya fi damuna shi ne babu wanda zan tambaya. Mutum ya sallame ka a gaban liman, ka koma ka ce bai isa ba? Ga kaka ta shiga, mata suna ta rairayar ƙasa a gonakin aya, kowace kasuwa farashi yana ɗan motsawa sama. Jikka ashirin da kyar za ta cika buhu guda. Mai shago ya aiko yana tambaya, na ce ya ba wani.

Wani mai goro ne ya fara buɗe mini ido, shi kuma tsokana ya zo yi. Ya ce kasuwa duk ta ji labarina, wasu suna cewa waliyyi ne ni, wasu suna cewa rana ce ta taɓa mini kai. Ya ce, an ce ka faɗi abin da kake so, ka ce jikka ashirin, bayan shekara ashirin da biyu, ko jikka guda a shekara ba ta cika ba. Ashe ba rage mini aka yi ba. Abin da suka karanta ke nan. To yaya takarda za ta fita hannuna tana cewa jikka ɗari, ta isa hannun wani tana cewa jikka ashirin, alhali ba a goge komai ba? Daga lokacin ɓacin ran ya ragu, son sani ya maye gurbinsa. Na ƙosa la'asar ta yi.

A aji na nemi alli na rubuta lambar a babban allo, biyu da sifiri huɗu, na ce mushe ya karanta mini. Ya ce dubu ashirin. Na ce madalla, to jikka nawa ke nan? Ya ce tsaya, dubu ashirin na mene ne, awaki ko kuɗi? Na ce kuɗi. Ya ce jikka ashirin ke nan. Na ce a'a, jikka ɗari, na kuma nuna masa ninkawata tun daga farko. Ya bi ta layi layi, ya ce babu kuskure ko ɗaya a lissafin. Sannan ya zauna a bakin tebur ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna rawa.

Da ya samu kansa, ya laluba aljihu ya fito da ƙarfe guda ya sa mini a hannu.

"Nawa ce wannan?"

"Ashirin."

"Kar ka gaya mini da ka. Karanta abin da ke jikinta."

Na kai ta kusa da ido. Tun ina yaro nake juya irin wannan ƙarfe, ban taɓa dubansa don in karanta ba. Ɗaya ce da sifiri biyu. Ɗari.

Kowa a ajin ya shiga laluben aljihu. Mai goma ya ga hamsin. Mai biyar ya ga ashirin da biyar. Wata mata ta kwance bakin zanenta ta fito da abin da muke kira ɗari, aka karanta mata ɗari biyar. Mushe ya bayyana mana cewa bakinmu dala yake ƙirgawa, takarda kuwa tamma take ƙirgawa, kuma dala guda tamma biyar ce. Idan muka ce ashirin, dala ashirin muke nufi, mun dai saba haɗiye kalmar. Ɗan lakol kuwa idan ya ga lamba a rubuce, tamma yake gani. Na tambaya ina tammar take, ni ban taɓa sayen komai da ita ba. Ya ce shi ma ya daɗe bai gan ta ba, amma ita ke mulki a buro. Wani tsoho daga bayan aji ya ce ashe duk shekarun nan mun fi yadda muke zato arziki sau biyar, ba a gaya mana ba. Matar nan ta ce to ya je ya gaya wa mai shinkafa haka.

Ni dai abin bai bar ni ba. Mako guda ina tambayar tsofaffi daga ina dala ta zo. Wata ta ce kakarta tana da manyan dala na azurfa da take ratayawa a wuya. Wani ya ce a'a, wannan daban. Ban samu amsar da ta gamsar da ni ba har yau. Abin da na gane shi ne mutane biyu za su tsaya a kan kuɗi ɗaya, kowa da gaskiyarsa, su saɓa sau biyar. Kuma na shekara ashirin da biyu a gefe guda na wannan katanga ban san akwai ta ba.

Saura abin yi. Mai ɗakina ta ce in koma in faɗa, tun da kuskure ne ba raini ba. Mushe ya ce zai raka ni ya yi shaida. Na ce a'a, ni na rubuta, ni zan je. Na sami Alhaji da hantsi a zaure, na zauna ƙasa na ba shi labari tun daga gindin bedi. Ya yi dariya har ya yi tari, ya aika a kira ɗansa don ya ji. Ɗan ya riƙe kai ya ce wallahi ya yi zargin haka, amma da na ce a rage sai ya bar maganar. Da dariyar ta lafa, Alhaji ya ce gaskiya abin ya ɓata masa rai a ranar. Ya ɗauka ina so in nuna wa duniya ba na bukatar komai daga gare shi.

Sannan ya gyara zama. Ya ce yanzu da ya san gaskiya, ba jikka tamanin zai cika mini ba, jikka ɗari uku zai ba ni. In sayi aya yadda nake so, in ajiye a mangazarsa kyauta, ɗansa ya rubuta. Idan lokacin sayarwa ya yi, shi zan sayar wa, ba wani ba. Ya ce ta haka ina da nawa, kuma ina gida.

Na yi godiya, na nemi ya ba ni kwana biyu.

Ba ƙaramin alheri ba ne, kuma ban ɗauke shi tarko ba, har yanzu ban ɗauka ba. Jikka ɗari uku ban taɓa riƙe ta a matsayin tawa ba. Mai ɗakina ta ce wannan ko shawara ba ya so. Amma da na zauna sai na riƙa yi wa kaina ƙananan tambayoyi. Idan kayan suna mangazarsa, mabuɗin yana hannun wa? Ranar da zan sayar, wa zai ce yau ce? Idan ya faɗi farashi ban gamsu ba, ina zan kai su? Na san mutum biyu da suke kan irin wannan tsari da shi. Suna da babura, gidajensu da rufin kwano. Kuma idan mota ta zo lodi ana aika musu su zo, su bar abin da suke yi su zo.

Na koma ranar da na ce. Na gaya masa jikka ashirin ɗin nan an riga an yi mata addu'a a gaban liman, ina so in fara da ita. Ya ja carbinsa. Bai ce zai cika tamanin ɗin ba tare da sharaɗi ba, ni ma ban roƙa ba.

"Sarkin awo, girman kai ne wannan ko wauta?"

"Alhaji, ranka ya daɗe, so nake in ga yadda abin yake."

"Za ka gani kuwa," in ji shi.

Mai ɗakina ta yi kwana uku ba ta yi mini magana sai ta abinci. A rana ta huɗu ta wanke wani gwangwanin tumatir babba ta ajiye a gabana, ta ce idan na taɓa abin da ke ciki don cefane, kar in ƙara kiran kaina ɗan kasuwa.

Buhu uku na fara da su, babu shago. Don abin da za mu ci, na riƙa yin awo ga duk wanda ya kira ni, a Cadawa da Gazawa, a biya ni a kan kowane buhu, mu yi ciniki kafin in ɗauki tiya. Karo na farko ke nan da na san ladan yinina tun da safe. Abin da ya ragu bayan cefane in shiga ƙauyuka da shi, in sayi aya tiya biyu, tiya uku, daga matan da ke kala bayan an gama girbi. Tasu cike take da tsakuwa, shi ya sa take da arha. Ni kuwa na san abin da tsakuwa ke yi wa farashi fiye da kowa. Na sayi rariya, na riƙa tankaɗewa ina tsincewa a tsakar gida, in ware manya daban, ƙanana daban. Buhu ya ragu, amma abin da ya rage ko a ƙasan buhu ka ɗebo iri ɗaya ne da na sama. A littafina kowane shafi na raba shi gida biyu, na rubuta baki a kan ɗaya, takarda a kan ɗaya. Duk abin da na saya in rubuta shi sau biyu, yadda muke faɗi da yadda buro yake karantawa.

Rani ya yi mana tsawo. Hatsi ya ƙare da wuri, kuma bana babu inda za a aiko da shi. Mun ci tuwon masara na awo, mun ci garin rogo. Ƙaramar ɗiyata ta yi zazzaɓi, na sayar da akuyar da nake ji da ita aka saya mata magani. Sau biyu na tsaya a gaban buhunan nan da wuƙa a hannu zan kwance ɗaya. Na farko mai ɗakina ta yi gyaran murya daga madafa. Na biyu babu kowa a gidan, na mayar da wuƙar da kaina.

Da azumi ya kusa, masu kunun aya suka fara nema, farashi ya tashi. Buhunana sun kai bakwai. Na ɗauki hayar amalanke na kai su kasuwar Cadawa, na sauke a fili, ba nisa da rumfar da na yi rabin rayuwata. Ban daɗe da zama ba sai ga Alhaji da kansa, yana tafe a hankali da sandarsa. Na miƙe na gaishe shi. Ya naɗe hannun riga ya zura a buhu har gwiwa. Ya ɗebo, ya baza, ya tauna. Ya je buhu na biyu da na biyar ya yi haka. Ya ce wa ya koya mini wannan aiki, na ce wani Alhaji ne a nan kasuwar. Sai ya taya duka bakwai.

Tayin ba mummuna ba ne. Amma na ji abin da ake sayarwa a Gazawa kwana biyu da suka wuce. Mutane sun ɗan taru, har da mai goron nan. Na ji kaina na ce, "Albarka, Alhaji."

Ya ɗaga gira. Ya ƙara ɗari biyu a kan kowane buhu. Na sake cewa albarka, wannan karon muryata ta fito sosai. Ya kakkaɓe hannunsa, ya ce Allah ya ba da kasuwa, kamar yadda yake ce wa kowane mai kaya. Ya wuce rumfa ta gaba.

Ban sayar ba ranar. Babu wanda ya kai inda nake so, na mayar da kayana gida, na biya amalanke zuwa da dawowa. Mako na gaba motoci biyu suka shigo da aya daga wani wuri, farashi ya ɗan sauka. Na sayar wa wata Hajiya daga Maraɗi, ƙasa da tayin Alhaji na biyu da ɗari a kowane buhu. Duk da haka uwar kuɗin ta dawo da riba mai kyau, fiye da abin da na taɓa riƙewa.

Da na isa gida mai ɗakina ta riga ta ji komai, har da ɗarin da na rasa. Ta ce da na sayar wa Alhaji da na huta da kuɗin amalanke. Na ce haka ne. Ta tambaya ko zan je in ba shi haƙuri. Na ce zan je in gaishe shi ranar Juma'a, kamar kullum, amma ban ga abin ba da haƙuri ba, ciniki ne bai faɗa ba. Na ware uwar kuɗi na sa a gwangwani, na ware na hatsi da na ɗinkin yara. Washegari aka aiko daga mangaza cewa mota ta zo, ko zan taimaka da awo. Na ce wa ɗan aiken ya gaya musu yau ina kai taki gonata, amma jibi ina da sarari, kuma ga abin da nake karɓa a kan buhu.